Ruwan Gidan Sama, Ayabar Gidan Ƙasa

Hosere Bokki,
Farkon Jimada Sani, 1415.

Da sunan Allah. Daga Jauro Hammanjoda, mai riƙe da Hosere Bokki tun daga ƙoƙuwar dutse har bakin rafi, zuwa ga 'yarmu Aisatu 'yar Hajaratu, nas a Jalingo, unguwar Nukkai.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidanki da yara da mutanen da kike tsira wa allura. Mu nan jam. Lafiya lau muke, mahaifiyarki ta warware sarai. Jiya daga zaurena na jiyo ta tana yi wa akuyar maƙwabta faɗa, duk wanda ya ji wannan murya ya san zazzaɓi ya kama gabansa.

Na san ban saba yi miki takarda ba. Idona ya yi rauni, shi ya sa nake faɗa, ɗan kawunki Nasiru da ke zaune wurin mahaifiyarki yana rubutawa da ajami. Duk abin da kika gani daga bakina ya fito, bai ƙara ko ɗigo ba.

Bayan haka. Labari ya iso mini cewa jakai sun hau da siminti gidan Hajaratu, kuma kin yi magana da Andrawus birkila ya haƙa rami a bayan banɗaki, irin na birni da kuke cewa sokawe, ruwan gida duk ya riƙa shiga ciki ana rufewa. To 'yata, kin daɗe a ƙasa, bari in tuna miki yadda sama take. Gidajenmu hawa-hawa suke, ƙofar wani a saman rufin wani. Ruwan da aka ɗauko a kai daga rafi ba a sallamarsa da aiki ɗaya. Na wankin hatsi a ba akuya, na ɗaurayar kwano a yayyafa a yi shara. Wanda ya fita ta rariya kuma ya bar hannun masu gida, ya zama na gidan da ke ƙasa. Haka muka tarar.

Wa ke ƙasan gidanku? Alice. Tun da mijinta ya rasu ba ta da gona sai wannan ɗan lambun: ayaba, gwanda, yakuwa, barkono. Ruwan wankan mahaifiyarki da na alwalarta ne ke riƙe da shi duk rani. Ita kuma Hajaratu ba ta taɓa sayen ganyen miya ba, ta kan katanga ake miƙo mata. Garin sabulun nan ma da kike aikowa a kwali, yana can kan rumbu ba a taɓa ba, don ya taɓa ƙone wa Alice barkono, Hajaratu ta koma sabulun salo. Ba ta faɗa miki ba don kada ranki ya ɓaci. Ni Jauro ne, na faɗa.

Ran da Alice ta ga jakan nan ta zauna a ƙasa ta ce, “In ruwa ya shiga rami, ayaba na zai mutu, ni ma zai bi shi.” Saboda haka na hana. Kada a sa diga a wurin nan.

Sai magana ta ƙarshe. Yaron nan Nasiru, Allah ya yi wa garin nan kyauta da shi. Gida-gida yake bi yana karɓar gwangwani da kwalba da tsinkakken silifas, ya ba mata gishiri da allura a madadi. Fasasshen bokiti ya liƙe shi da wuƙa mai zafi. Gwangwanin madara ya mayar da shi aci-bal-bal. Ga hankali, ga kyau. Yanzu haka ya sunkuyar da kai wai kunya yake ji ya rubuta, na ce rubuta. Takalminsa dai ya mutu. Ni ban ce komai ba.

Amsa ki ba Elias direban motar kasuwa, ya damƙa a hannun Nasiru kaɗai. Ga hatimina a ƙasa. Wassalam.

*

Nukkai, Jalingo,
14 ga Nuwamba, 1994.

Zuwa ga Baba Jauro. Barkama, Allah ya ƙara girma da lafiya.

Gaisuwa irin ta 'ya ga ubanta. Muna lafiya, yara sun koma makaranta, sai ƙaramar da ke fama da haƙori. Na yi murna da jin Dada ta miƙe.

Takardarka ta same ni a wurin aiki, sai da na wanke hannu na karɓa. Tun ina yarinya in na hango rawaninka lungu nake shigewa, yau ga shi har da hatimi. Na nuna wa maigidana, ya ce bai san ƙauyenmu ya ci gaba haka ba.

Baba Jauro, ba raini ya sa na aika siminti ba. Bana kaɗai sau uku zazzaɓi yana kayar da Dada. Zuwana na ƙarshe na zagaya bayan banɗaki. Kafin ruwan ya sami hanyar fita ta katanga, kwanciya yake yi a wani kwari, ya yi kore. Na ɗebo a murfin kwano, 'ya'yan sauro ne fal suna wutsil-wutsil. Tagar ɗakin Dada kuma tana daidai saman wurin. A asibiti ina ganin yadda zazzaɓin nan ke yi da tsofaffi, na huɗun ba kullum yake sakin mutum ba.

Amma gaskiya na manta da Mama Alice, kuma na ji kunya. Ni da na girma da gwandarta. Na aika wa Andrawus ya dakata. Sai dai ina roƙo, tunda an hana rami, a nuna mini wata hanyar. Ruwan ya je wa Mama Alice, ban ƙi ba, amma kada ya kwana a gidan uwata.

Maganar garin sabulu kuwa, Allah ya shirya Dada. Ashe rumbu nake yi wa sayayya.

Ga man zafi na ba Elias, a riƙa shafa wa gwiwa safe da yamma.

Kai kuma mai karantawa, da kai nake yanzu, ka karanta da ƙarfi yadda Baba Jauro zai ji. Maganar ruwa na yarda tasa ce. Amma “ga hankali, ga kyau” na san daga wane kai ta fito. Barkama, wannan yaron ne ya sa mini kwaɗo a cikin kwalla ran da za a kai ni gidan miji, aka buɗe gaban dangin ango. Shi ne ya ce wa Goggo Bushra an aiko ta zo garin Lau an yi haihuwa, ta je ta tarar tunkiya ce ta haihu. Don abokin wasana ne yake ganin ba mai taɓa shi. Takalmi ko? Ga sabulu sanda guda na sa masa, ya wanke bakinsa.

'Yarka,
Aisatu.

*

Hosere Bokki,
Tsakiyar Jimada Sani.

Daga Jauro Hammanjoda, uban na sama da na ƙasa, zuwa ga 'yarmu Aisatu.

Gaisuwa da sa albarka. Takardarki ta iso, an karanta mini ita tsaf. Allah ya fito wa ƙaramar da haƙori lafiya, ya sa kada ta gado bakin uwarta. Mu nan jam. Mahaifiyarki ta ɗan yi rawar sanyi shekaranjiya, amma ta sha tazargade ta yi gumi, da yamma har ta fito ta tsefe wa Alice kai. Ba wani abu ba ne.

Na ji daɗi da kika bi umarni. Haka ake son yaro. Da aka gaya wa Alice an fasa rami, sai da ta taka rawa a tsakar gida da tsintsiya a hannu, ta sare nonon ayaba guda ta aiko. Na wakilta Nasiru ya ci.

Game da kwaɗo, na yi bincike. Kwaɗon da kansa ya shiga, zamanin damina ne. Game da Bushra kuma, an ce mata an yi haihuwa, ta je ta tarar an yi haihuwa. Ina ƙaryar take? Na wanke yaron nan, kada a sake tayar da maganar. Sabulunki ya karɓa da haƙuri irin na manya. Ko jiya sai da ya sauka da buhun kwalabe a kai har bakin titi, ƙafa ba takalmi, duwatsu suna kuka saboda tausayi.

Kin ce a nuna miki wata hanya. Ku mutanen asibiti ba ku ganin ruwa sai kun leƙa cikinsa. Mu da muka sha na rafi tare da shanu ga mu har yau da gemu. Sauro kuma ba a Hosere Bokki aka ƙirƙire shi ba, na ji an ce na Nukkai har sallama yake yi kafin ya shiga ɗaki.

Ki saurara da kyau. Ruwan nan yadda muka gada haka za mu bar shi, ba mai taɓa shi ko da tsinke. Wanda jikinsa ba zai iya zama da shi ba, hanya a buɗe take, ya sauka birni inda ake kulle ruwa cikin ƙarfe. Na gama magana.

Ki gaida maigidanki, ki ce masa ƙauyenmu ya ci gaba fiye da yadda yake zato. Wassalam.

*

Nukkai, Jalingo,
9 ga Disamba, 1994.

Baba Jauro, Barkama.

Ina gaisuwa. A gafarce ni da jinkiri, motar Elias ta kwana biyu a layin mai, takardarka ba ta zo hannuna da wuri ba. Muna lafiya.

Na karanta, na sake karantawa. Ka ce Dada ta sake rawar sanyi. Ka ce ba za a taɓa ruwa ba. Ka ce wanda jikinsa ba zai iya ba ya sauka birni. Na gane, Barkama. Babba ba ya fitowa fili ya ce ɗauke uwarki, amma na ji abin da kake nufi, kuma na gode da ka faɗa a sakaye.

Na yi shawara da maigidana, ya amince. Mun kwashe kayan ɗakin baya, an yi fenti, an sa raga a taga. Na sami hutu ranar Asabar ta jajibirin Kirsimeti, zan hau in sauko da Dada da kayanta. Gidan za a kulle. Akuyoyi a kai wa Goggo Bushra. Nasiru kuma ya koma wurin Kawu a garin Mutum Biyu, ana neman hannu a gonar shinkafa, can ba gwangwani ba kwaɗon da zai sa a kwallar kowa.

Na san in gida ya zama kufai babu ruwan da zai gangara wa Mama Alice. Wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai. Amma rami ya hana ta ruwa, kulle gida ma ya hana ta, ni kuma uwa ɗaya gare ni. Zan je in durƙusa mata da kaina.

Simintin na bar maka, ka yi abin da ka ga dama da shi.

Roƙona ɗaya. Dada ba za ta ji maganata ba, amma ba ta taɓa musa maka ba. In na iso, zaurenka zan fara sauka, mu tafi tare ka gaya mata da bakinka.

Nasiru, ka wanke mata akwatin ƙarfen nan, ka shanya. Ban da wasa a wannan karon.

'Yarka,
Aisatu.

*

Hosere Bokki,
Tsakiyar Rajab.

Daga Jauro Hammanjoda, mai riƙe da

A'a. Bari in ajiye rawanin nan, ya yi mini nauyi.

Adda Aisatu, salamu alaikum. Ki nemi wuri ki zauna, in akwai allura a hannunki ki ajiye ta tukuna.

Lafiya dai lau muke. Goggo Hajaratu garau, tun rawar sanyin nan ko atishawa ba ta yi ba.

Ran da takardarki ta zo na karanta a bakin titi, ban san yadda na hau dutsen ba. Da aka zuba tuwo na ci loma biyu na tsame hannu. Goggo ta dube ni ta ce, “Kai da kake lashe kwano har a ga fuska? Wa ka kashe?” Sai na ɗauko takardunki na karanta mata, na kuma gaya mata abin da aka rubuta miki. Ta ɗauki muciya. Ba zan faɗi inda ta sauka ba, amma a tsaye nake rubutun nan. Da ta gaji ta zauna ta yi dariya har da hawaye, ta ce a maimaita mata wurin tunkiyar Goggo Bushra.

Sannan ta ce, “Ni in koma Nukkai in zauna ina kallon fenti? Wa zai yi wa akuyar maƙwabta faɗa? Ba inda za ni. Amma yarinyar ba ƙarya ta yi ba. Ta roƙi a nuna mata hanya, kai kuma ka tsaya kana yi mata sarauta. Tashi ka je ka duba.”

Na je da murfin kwano kamar yadda kika yi. Adda, na gan su. Ƙauye guda ne a wurin, har da jauronsu.

Kin ce Jauro ya yi abin da ya ga dama da siminti. To ya ga dama. Na sauka na taho da Andrawus. Kwarin nan muka cike da duwatsu muka daɓe. Ya ja siririyar kwata daga banɗaki, wata daga wurin wanke-wanke, suka haɗu suka ratsa katanga suka miƙe har gindin ayaba, da gangara yadda ko tofi ka yi sai ya isa. A bakinta na sa gwangwani da na huhhuda da ƙusa, yana tare ƙasan tuwo da ɓawon albasa, kaji su samu. Sai murfi. Garewanin kananzir da manyan gwangwanayen da na tara tun damina, waɗanda na ci burin kai wa kasuwar Jalingo, duk na farke su na buge da dutse suka miƙe, muka rufe kwatar tun daga sama har ƙasa. Sauro sai dai ya zo da mabuɗi. Mama Alice ita ta yi ta jidar yashi, ta kuma dafa mana doya da yakuwa, tana cewa Andrawus, “Ka yi shi da kyau, ayaba yana kallon ka.”

Da ya bushe, Goggo ta ce a kauce. Ta ɗauki ruwan alwalarta ta juye. Muka bi ta gefen kwatar da gudu muna jin motsinsa a ƙarƙashin gwangwani. Kafin mu kai katanga muka jiyo Mama Alice daga ƙasa tana ihu, “Ya zo! Ya zo da gudu!” Na koma na taɓa bayan banɗaki, a bushe ƙamas. Kullum da safe ina dubawa, har yau a bushe.

Ihun nan ne ya fito da Jauro. Na gaskiyar nake nufi, mai gemu. Ya dogaro sandarsa ya tsaya yana kallo, ya ce wa ya ba da umarnin wannan aiki. Ni na fara neman hanyar bayan rumbu. Andrawus kuwa da zuciya ɗaya ya ce, “Ai kai ne, Barkama, haka Nasiru ya ce.” Jauro ya dube ni. Ya dubi kwata. Ya dubi mutanen da suka taru. Ya shafa gemu ya ce, “Eh. Na daɗe ina wannan tunanin.” Nan take ya ce kowane gida ya yi irinta kafin azumi. Da yamma na kai masa man zafinki, ya ce Allah ya yi miki albarka, ashe kina tunawa da tsofaffi.

To Adda, ga gaskiya tsirara. Baba Jauro bai taɓa yi miki takarda ba. Bai san an yi ba. Hatimin nan da maigidanki ya yaba, dunduniyar silifas ce na sassaƙa na tsoma a tawadar allo. Maganar wanda jikinsa ba zai iya ba ya sauka birni, wallahi ke nake tsokana, ba Goggo ba. Na san in na rubuta da sunana ba za ki kai layi na biyu ba, ayabar Mama Alice kuwa ba ta da bakin yin magana. Abin da ban zata ba shi ne zan sa ki yi fenti da kuka a zuci. Wannan kam na yi laifi, ki yafe.

Ki zo ranar Asabar ɗin kamar yadda kika shirya. Ki taho da murfin kwanonki ki duba ko'ina. In kin sami ɗan sauro ko ɗaya, da kaina zan ɗauki akwatin Goggo, in ta yarda ta bi akwatin. In kin sauka zauren Jauro, ki gode masa a kan kwata kawai, ki tsaya nan.

Zan jira ki a gindin dutse in ɗaukar miki jaka. Marin da kika tanada na san yana nan, ban ce ki fasa ba. Alfarma ɗaya nake nema: ki sauke mini shi a can ƙasa bakin titi, kafin mu iso rafi inda 'yan mata ke ɗiban ruwa.

Ni ne na rubuta ta farko, ni na rubuta ta biyu, ni nake rubuta wannan.

Nasiru ɗan Kawunki,
mai gwangwani.